Mutum Shida Don Akwatin Jongdal

Tun daga matakala Pyo Mansik ya fara tsaki. Gidan makokin a ƙarƙashin asibiti yake, kamar yawancin na Cheongju, kuma hanyar da za ta kai ka ɗaki na uku cike take da fararen furannin ta'aziyya, kowane tsari ya fi mutum tsawo, da ƙyalle a rataye ɗauke da sunan wanda ya aiko da muƙaminsa. Shugaban wannan, mataimakin shugaban wancan. Mamacin kuwa, Ye Jongdal, gyaran keke ya yi shekara arba'in a wata 'yar rumfa bayan kasuwa, bai taɓa shan ko shayi da shugaban komai ba. Amma zaɓe ya ƙarato, kuma gidan makoki wuri ne da jama'a ke wucewa suna karanta sunaye.

Biyun da ke daf da ƙofa su suka fi ƙona masa rai. Na dama daga wata ƙungiyar masu addu'ar ceton ƙasa, da sunan Dattijon coci Bang Doksu. Na hagu daga ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, da sunan Ok Chunbae. A ƙasa ga sawun ja nan a kan tayil, alamar tun jiya ake turo wannan gaba, a dawo a turo wancan. Tsofaffi biyu masu shekara sittin da takwas, da jikoki, suna tseren fure a ƙofar gawar abokinsu.

Ya cire takalmi ya shiga. Ya kunna turare a gaban hoton, ya durƙusa ya kai goshi ƙasa sau biyu, sannan ya juya ya gaisa da masu makoki. Surim ce, 'yar Jongdal tilo, cikin baƙaƙen kaya da ɗan farin ƙyalle a gashinta, mijinta a gefe.

"Kawu Mansik, ka zo."

"Na zo, 'yata. Ya haƙuri?"

Ta riƙe hannunsa ba ta sake ba. "Kawu, akwai abin da zan roƙe ka. Gobe da ƙarfe bakwai za a fita da Baba. Mai kula da jana'iza tana son sunan mutum shida da za su ɗauki akwatin. Mijina yana cikin masu makoki, ba zai ɗauka ba, mu kuma ka san ba mu da yawa. Ta ce in ba a samu ba kamfani zai kawo ma'aikatansa."

"Ma'aikata? Jongdal ɗin?"

"Shi ya sa na ce kai za ka haɗa mini su."

Mansik ya sha ganin irin ɗaukar nan ta ma'aikata. Suna hamma, suna duba agogo, su ɗauki mutum kamar firiji. Kuma duk wanda ya tsaya a wurin zai ƙirga a ransa ya gane cewa mamacin ya yi shekara kusan saba'in a duniya bai tara mutum shida ba. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, aikin ya zama nasa.

Su bakwai ne tun makarantar midil. Tare suka sha dukan malamai, tare aka ɗebe su aikin soja, kowa ya sha giyar auren kowa. Yanzu Jongdal ya tafi, saura shida cif, ba ragowar ko ɗaya. Ukun ba matsala: Gilyong da Panho da Yongpal, waya ɗaya-ɗaya ya yi musu suka ce suna nan tun shida da rabi. Matsalar tana wurin masu furen ƙofa.

Shekara uku ke nan da abin ya watse, a cin abincin ƙarshen shekara. Lokacin gari ya rabu biyu, wasu na fita zanga-zanga a dandali da kyandir, wasu da tuta. Doksu ɗan tuta ne, cocinsu har bas yake cikawa zuwa Seoul duk Asabar. Chunbae kuma tun yana aikin jirgi ɗan ƙungiyar ƙwadago ne, ba a yin zanga-zanga ba shi, ranar hutu ya hau dutse ya kai shinkafa haikalin Buddha. A daren Doksu ya ce masa ɗan gurguzu, ya kwashe kayansa ya koma ƙasar Arewa ta 'yan gurguzu in can yake so. Chunbae ya ce ai mutumin da ya daina ajiye wa uban da ya haife shi abinci ranar tunawa da shi ba shi da bakin maganar ƙasa, ya bi shi da jiƙaƙƙen tawul a fuska. Mansik ya miƙe ya sa rigarsa. Shekara talatin ya yi yana tuƙin bas, ya gaji da jin fasinjoji suna gyara ƙasa daga kujerar baya. Ya fice daga zauren hirarsu na waya, ya daina zuwa duk inda zai iya cin karo da ɗayansu. A ganinsa cikin su bakwai shi kaɗai ya rage da hankali, kuma yakan faɗa wa matarsa haka.

Wajen azahar Doksu ya iso da matan coci shida a bayansa. Ya ajiye farin fure ɗaya a gaban hoton, ya tsaya ƙyam ya rufe ido, don su ba sa kai goshi ƙasa ga mamaci. Wannan ba komai, kowa ya saba. Amma da ya buɗe ido sai ya sa yatsu biyu ya ɗauke ɗan kofin giyar soju da aka zuba wa mamacin a kan teburin, ya miƙa wa ɗaya daga matan kamar ya tsinci mataccen ɓera. Suka rera waƙar yabo baiti huɗu, ba su rage ko ɗaya ba.

Ba su gama fita ba Chunbae ya shigo. Ya cika wani kofin har yana zuba, ya zagaya shi kan hayaƙin turare, ya dangwarar a daidai inda aka ɗauke na farko. Sannan ya zube ya kai goshi ƙasa da wata irin ƙara, ya daɗe a can, don dai na bakin ƙofa su gani da kyau. Jongdal na kallonsu daga cikin hoto da murmushinsa na mutumin da bai iya cewa a'a ba.

A ɗakin cin abinci kowa ya kama kusurwarsa. Mansik ya ɗauki kwanon miyar naman sa mai yaji ya fara da teburin Doksu.

"A'a, ɓatacce ya bayyana," in ji Doksu. "Mansik, ashe kana raye?"

"Gobe bakwai. Kana cikin masu ɗauka."

"Wannan ai ba sai an faɗa ba. Amma ka ji, a rufe akwatin da farin mayafi mai gicciye. Jongdal ya karɓi Ubangiji a gadon asibiti, da kunnena na ji ya ce amin. Kuma zancen a tsaya a rumfarsa a zuba giya a ƙasa, ban da ni. Hannuna ba zai ɗauki ɗan'uwa mai bi ya kai shi wurin tsafi ba."

"Jongdal ko mai tallan inshora ya yi masa magana amin zai ce."

"Ka ji ka. Kai ma ina maka addu'a."

Mansik ya ɗauki kwanonsa ya tsallaka ɗaya kusurwar. Chunbae na zaune da tsofaffin abokan aikinsa, fuska ta riga ta yi ja.

"Ka gama da mai tsarki?" in ji shi. "Me ya ce, za a kai shi sama a bas ɗin coci?"

"Gobe bakwai."

"Ina nan. Amma jan ƙyalle mai sunansa za a shimfiɗa, irin wanda aka yi wa ubansa da kakansa. Kuma sai mota ta tsaya a rumfa ya yi sallama da wurin da ya ci abinci shekara arba'in. In na ga gicciye a kan akwatin nan, na rantse sakin igiyar ɗaukar zan yi. Mutum ya rataya fitila da ni a haikali bara-bara, yau a ce wai ɗan coci ne?"

"Akwai kuma maganar tsawo," in ji Mansik. "Ka san mai jana'iza bibbiyu take jerawa, daidai da daidai, don kar akwati ya karkace. Kai da Doksu ne tsawonku ɗaya tun muna layin makaranta. Ku ne a gaba, kafaɗa da kafaɗa."

"To ya sa takalmi mai tudu a haɗa shi da wani."

Ashe Doksu ya biyo baya yana ji. "Ni zan sa takalmi? Kai ka cire naka mana, ai ku kun saba tafiya ba takalmi a aljannarku ta Arewa."

"Dattijo, koma ka ƙirga tutocinka."

"Ɗan gurguzu."

"Mai sayar da uba."

Daga nan fa abin ya ɓarke. Matan coci suka taso, tsofaffin ma'aikata suka taso, aka koma kan wa ya sayar da ƙasa, wa ya saci zaɓe, wane gidan talabijin ne na maƙaryata. Wani ya buge farantin dafaffen nama ya watse a tabarma. Baƙi daga ɗaki na biyu, masu nasu mamacin, suka leƙo suna kallo. Tsakanin wurin da inda hoton yake ko taku goma babu.

Mansik ya buga cokali a tebur har kwano ya yi tsalle.

"Ku rufe mana baki! Tir da ku, tir! Ungulaye kawai. Mutum ko sanyi bai gama yi ba kuna jan sa, wannan ya kama ƙafa wannan ya kama kai. Ku Jongdal ne ya dame ku? Kai so kake ka ƙara mutum ɗaya a lissafin cocinka, kai kuma so kake ka ci gardama. Shekara uku na yi ban ga fuskokinku ba, kuma ban taɓa samun lafiya irin ta shekarun nan ba. Yau kun cika ƙofa da fure. Lokacin da yake kwance yana jinya, kuna ina? Ku faɗa mini, kuna ina?"

Ɗakin ya yi tsit. Mansik ya tsaya yana haki, yana jin daɗin kansa, don ya daɗe yana tanadin maganar nan. Sai dai shirun bai yi kama da na masu jin kunya ba. Doksu ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Chunbae ya dube shi, ya dubi Doksu, sai ya koma ya zauna ya jawo kwalbarsa.

"Kawu," in ji Surim daga bakin ƙofa. "Zo ka taya ni wani abu."

Ta kai shi ɗan ɗakin da iyalan mamaci ke hutawa, ta rufe ƙofa. Ba wani abin da za a taya ta. Ta zauna a kan katifa ta ciro wayarta.

"Kawu, ka san Baba ya yi shekara biyu ana masa wankin ƙoda?"

"Na ji ba shi da lafiya. Ai na aiko da..."

"Ka aiko. Sau uku a mako ake kai shi. Ni aiki ba ya bari na sai Laraba. Litinin Kawu Doksu ke rufe shagonsa na tabarau ya zo ya kai shi. Juma'a Kawu Chunbae. Gidanmu hawa na uku ne, ba na'urar hawa, da ƙafarsa ta daina ɗaukarsa goya shi suke yi su sauko, su goya shi su hau. Shekara biyu ba wanda ya taɓa fashi, sai ranar da aka yi wa Kawu Doksu aikin ido, ranar kuma Kawu Chunbae ne ya karɓa."

"Su da ba sa magana?"

"Ba sa yi. Takarda suke bar wa juna a jikin firiji."

Ta miƙa masa wayar. Hotunan 'yan takardu ne, rubutun hannu iri biyu da ya sani tun suna kwafar aikin gida. Ya sa yatsa yana turawa.

"Ɗan gurguzu, ƙafarsa ta hagu ta kumbura, ka nuna wa likita. Kuma ka daina ba shi miya mai gishiri a ɓoye, na gani."

"Mai tuta, an nuna. An canza ƙwayar safe, fara ce yanzu. Ka rage rera masa waƙa da muryar nan taka, ita ke tayar masa da jini."

"Ka bar masa rediyo a tashar maƙaryata, na mayar. Bargon ya yi masa nauyi, na kawo wani."

"Na sake mayarwa. Bargon ya yi, ba laifi."

Sun fi ɗari. Can tsakiya ya ci karo da sunansa.

"Mansik ya aiko da kwalin ayaba. Kar ka ba shi ko ɗaya, likita ya hana masu ciwon ƙoda. Na ɗauki rabi na bar maka rabi, kamar yadda addininku na gurguzu ya tanada."

Mansik ya ajiye wayar a kan katifa a hankali. Ya tuna ranar. A waya ya yi odar ayabar, ko kati bai rubuta ba, ya kuma ji a ransa ya sauke nauyi.

"Ya taɓa tambayata?" in ji shi.

"Yana yi. In na ce bari in kira ka sai ya ce a ƙyale ka, Mansik ba ya son hayaniya, in ya zo zai iya haɗuwa da ɗayansu ransa ya ɓaci." Ta goge hanci. "Kawu, su biyun nan ban taɓa shakkarsu ba. Za su yi faɗa har bakin mota, amma za su ɗauka. Kai ne na ji tsoron kar ka yi gaisuwa ka sulale. Na ga in na ɗora maka aikin, dole ka kai gobe."

Ba ta faɗa da zafi ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ƙyamar da ya shigo da ita tun daga matakala tana nan ba ta ragu ba, sai dai yanzu ya rasa wanda zai ɗora wa. Ya fito ya wuce ta ɗakin cin abinci kansa a ƙasa. An kwashe naman da ya zube, kuma tuni mutanen biyu suka koma kan batun mayafi, kowa daga kusurwarsa yana aika wa ɗan'uwansa magana ta bakin Gilyong.

Washegari shida da rabi duk suna nan. Mai kula da jana'iza, wata mace mai gajeren gashi da ba ta da lokacin kowa, ta raba musu farar safar hannu, ta dube su sama da ƙasa ta jera su. Doksu da Chunbae a gaba, Panho da Yongpal a tsakiya, Mansik da Gilyong a baya. Maganar mayafi Surim ta yanke ta da asuba: an shimfiɗa duka biyun, mai gicciye a ƙasa, ja a sama, an ɗan ja na saman baya yadda kan gicciyen zai leƙo. Za a tsaya a rumfa, Doksu zai zauna a mota. Ba wanda ya gamsu.

"An rufe gicciye da jan tsumma," in ji Doksu ƙasa-ƙasa. "Yadda ƙasar ta koma ke nan."

"Ka gode ba a sa shi a ƙarƙashin akwatin ba."

"Matsa, kana taka ni."

"Iyayena, don girman mamaci," in ji mai kula da jana'izar. "Kowa ya naɗe igiya a hannu. In na ce uku, a ɗaga tare, a hankali."

Mansik ya naɗe farar igiyar sau biyu a tafinsa. Jongdal da ya sani ƙato ne, mai wuya kamar na sa, mutumin da ke cin kwano uku na taliya ya ɗaga babur da hannu ɗaya ya duba ƙarƙashinsa. Ga shi su duka tsofaffi, ga Gilyong da ciwon baya. Ya ƙudurta a ransa ko ba komai yau zai ɗauki nasa kason har da na wani. Ya gyara tsayuwa, ya ware ƙafa, ya tattaro duk ƙarfin da ya rage masa.

"Ɗaya, biyu, uku."

Ya fizga. Kusurwarsa ta yi sama kamar kwalin da ba komai a ciki, akwatin ya tuntsura gaba, gefensa ya daki ƙarfen gadon da aka ɗauko shi daga kai da ƙara. Mayafan biyu suka zame. Surim ta yi 'yar ƙara ta toshe baki. Na gaba biyu suka tare da gwiwa a lokaci ɗaya, Chunbae ya danne mayafan da gwiwar hannu kafin su kai ƙasa, suka daidaita shi ba tare da sun dubi juna ba.

Ba wanda ya juyo ya kalli Mansik.

"Sassauta, Mansik," in ji Chunbae, idonsa na kan ƙofa. "Kilo arba'in da ɗaya ne."

"Da biyu," in ji Doksu. "Ni na ɗora shi a sikeli ranar Litinin."

"Ni na ɗora shi Juma'a, bayan an cire ruwa. Arba'in da ɗaya."

"Sikelin Juma'a ai kullum ƙarya yake yi, kamar masu zuwa da shi."

"Ƙafar hagu, Dattijo. Ko ita ma cocinku ya hana?"

Suka taka, sauran suka bi. Mijin Surim na gaba da hoton a ƙirji, mata na kuka a baya, su biyun kuma suna ta musu a kan kilo ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, takunsu daidai. Mansik na biye, fuskarsa na zafi, hawaye na gangara cikin kwalar rigarsa, ba halin gogewa. Ya riƙe igiyar da hannu bibbiyu har bakin mota, ko da yake yatsu biyu ma sun isa.